Mataki na Shida

Duk ranar Lahadi, da an taso daga coci an ci an sha, sai su fito da teburin nan mai gajeriyar ƙafa ɗaya su kafa shi a gindin mangwaron tsakar gida, a cusa masa murfin kwalba ya daina rawa. Shekara shida ke nan ana haka a gidan su Zinhoué da ke Akpakpa, ƙetaren gadar Kwatano. Maƙwabta tun suna leƙe ta katanga suna dariyar gandama-gandaman mutane masu wasa da ɗan lido, har suka gaji suka kama gabansu.

Wasan nan ba za ka same shi a shagon kowa ba. Sagbo, wanda aka haifa ciki ɗaya rana ɗaya da Zinhoué, shi da amininsa Euloge malamin makaranta suka ƙage shi, suka cika wani littafin rubutu mai jan bango da dokokinsa. Euloge ne mai jan labari, shi zai ce ga inda kuke, ga abin da ya tunkaro ku. Sauran kowa da mutuminsa a rubuce a takarda, ka faɗi abin da naka zai yi, a jefa ɗan lido mai fuska ashirin a ga ko sa'a ta yarda. Duniyar wasan kuwa tafki ne da ba wanda ya taɓa ganin ƙarshensa. Garuruwa a tsaye bisa turaku, kifaye masu haɗiye sunan duk wanda ya leƙa ruwa yana baƙin ciki, ga wata biyu a sama, miji da mata, da suka yi faɗa tun farkon duniya ba sa fitowa tare.

Kowane zama ana ba kowa maki. In makin ya taru sai mutuminka ya hau mataki, kowane mataki kuma da baiwa guda da za ka zaɓar masa. Daɗin abin, baiwar da ka riga ka mallaka ita ma girma take yi tare da kai. Dossou, ƙanen tagwayen, ɗan acaba mai rawayar riga, maƙerinsa ya fara da gudumar da iyakarta fasa tukunya. Yanzu yana mataki na tara, gudumar nan ƙofar birni take ɓallewa, kuma ba ya bari kowa ya manta. Clotilde mai kitso ita ma tana na tara. Ɓarauniyarta a da aljihu take yanka, yanzu inuwar mutum take sacewa ta bar shi yana waige-waige a tsakar rana.

Zinhoué kuwa, mai mutumiyar da ake kira Mai Fitila, tana mataki na biyar. Shekara uku cur tana nan, makinta ya cika ya tumbatsa, ta ce ba ta hawa.

Mu nan ba ma cewa ɗan tagwaye ya mutu. Daji ya tafi neman itace. Zazzaɓin kwana huɗu ne ya tura Sagbo dajin, aka sassaƙo masa ɗan mutum-mutumi na itace mai tsawon tafin hannu, kamar yadda ake yi. Zinhoué ke soke shi a ƙugun zaninta ta tafi da shi shagon ɗinkinta, duk atamfar da ta ɗinka wa kanta sai ta fitar masa da 'yar riga daga ragowar. Wanka da shafa mai sun sa har hancinsa ya sule. Ranar Lahadi sai ta zaunar da shi a wurinsa na da, bisa kifaffen gwangwanin tumatir, takardarsa a gabansa an danne da dutse.

Tun ranar farko ta wasan su biyun suka zaɓi baiwa ɗaya tare, wadda Sagbo ya sa wa suna Zare. Masu Zare, komai nisan da ke tsakaninsu, sau ɗaya a kowane zama ɗaya yana iya yi wa ɗaya tambaya ya ji amsa. Da Sagbo ya tafi, Euloge bai kashe mutuminsa na wasa, Mai Kwalekwale, ba. Cewa ya yi Mai Kwalekwale ya yi gaba shi kaɗai neman Tsibirin Farin Yashi. Saboda haka duk Lahadi akwai lokacin da Zinhoué za ta ce, “Na ja Zare.” Sai Euloge ya sunkuyar da kai, ya yi gyaran murya irin na Sagbo, ya amsa mata da muryar Sagbo, har da “ke dai” ɗin nan da yake fara kowace magana da shi. Tambayoyin ba wasu manya ba ne. Ka ci abinci? Akwai sanyi a can? Amma a kan wannan amsa guda take tuƙa keken ɗinkinta daga Litinin har Asabar.

Ga inda gizo ke saƙar. Dokar Zare ta ce tazarar masu shi kada ta wuce mataki ɗaya, in ta wuce ya tsinke. Sagbo a na huɗu ya tsaya, kuma wanda bai yi wasa ba ba ya samun maki. Ita tana na biyar. Ta ƙara taku ɗaya, shi ke nan.

A gabansu kuma ga Baƙin Ruwa, wanda ke haɗiye duk wanda bai kai mataki na shida ba. Da hannun Sagbo aka rubuta wannan, ba mai ƙarfin halin gogewa. Shekara guda Euloge yana kewaye-kewaye da su a gaɓarsa. Ya kai su bikin auren kada. Ya kai su kasuwar da ake auna mafarki da ƙwarya. Har kokawa ya haɗa Dossou da wata kaguwa mai rawani, sau biyu.

Lahadin da nake ba ku labari, iskar lagun, tafkin nan na bakin teku, tana kaɗowa a hankali, ganyen mangwaro yana yayyafa inuwa bisa taswira. Euloge ya shimfiɗa taswirar, ya danne kusurwoyinta da kofunan zoɓo, ya fara da muryarsa ta labari.

“Kun iso bakin Baƙin Ruwa. Tsit yake, ko kifi ba ya motsi. Macen wata ce a sama, ta leƙa, ba ta ga fuskarta a ciki ba.”

“Karo na goma sha ɗaya,” in ji Clotilde, tana warware ragowar gashin doki daga yatsunta. “Ruwan nan ya san ni fiye da mijina.”

“Yau kuma auren wa za mu?” Dossou ya tambayi Euloge, wanda suke kira Fofo, wato yaya. “In kaguwar nan ce, Fofo, ka ce mata na tuba.”

Zinhoué ta ƙura wa taswira ido. Ita da an ce ruwa, tsakar gidan takan narke mata. Ƙahon 'yan acaba a titi ya koma kukan tsuntsayen gaɓa, tabarmar da ke ƙarƙashin ƙafarta ta yi laushi kamar laka, ta ji nauyin fitila a hannun hagu. Can nesa, inda ido ba ya kaiwa, akwai wani yana tuƙi, kuma ita kaɗai ke jin ƙarar filafilinsa.

Euloge ya cire tabarau ya ajiye. Ba ya cire shi a tsakiyar labari.

“Ba auren kowa,” ya ce, da muryarsa ta kullum. “Ƙarya ta ƙare mini. Na tatse kaina tas, ba sauran kasuwa, ba sauran kada. Yau ko mu haye, ko mu naɗe taswira mu nemi wani abin yi da Lahadinmu.”

“Ku haye mana,” in ji Zinhoué. “Ni sai in zauna a gaɓa in riƙe muku fitila.”

“Dada, wa ya taɓa barin mai fitila ya shiga duhu?” Dossou ya ce wa yayar tasa. “Ko a acaba ba a yi.”

“Ke, 'yar'uwa,” Clotilde ta kama hannunta, “ba don ba ma son Sagbo ba ne. Ni ce fa ya ce zai aura in na daina zagin mutane, kin san da ban daina ba. Amma shekara uku. Ɗana da aka haifa lokacin har ya iya ƙarya.”

“In na hau zai tsinke.”

“Mun sani.”

“To, in kun sani.”

Euloge ya daɗe yana juya ɗan lido tsakanin yatsunsa kafin ya ɗago. “Zinhoué, akwai abin da ban faɗa miki ba. Muryar nan ta ɓace mini tun daminar bara. Ina neman yadda yake dariya a kaina, sai in ji tawa. Abin da nake yi miki yanzu kwaikwayon kwaikwayo ne. Duk mako tun ranar Asabar nake fara tsoron ranar da za ki gane.”

Maganar ta soke ta. Ba don ba ta sani ba, don ta sani ne. Ta daɗe da lura “ke dai” ɗin ya yi tsawo, ya fara kama da na malamin makaranta, ta toshe kunnenta. Kunya ta rufe ta, da tausayinsa, da wani haushi da ba ta san wa za ta ba ba.

Ana cikin haka Maman Biyu, mahaifiyarsu, ta fito daga madafa da kwanon wake da manja. Ita ba ta taɓa sa baki a wasan ba, a ganinta haukan 'yan boko ne marar cutarwa. Ta ɗebi ɗan wake ta zuba a murfin kwalba gaban Sagbo, kamar kullum, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

“Wa aka yi wa rasuwa?”

Dossou ya yi mata bayani da hannu da ƙafa. Mataki, maki, Zare, tazara. Tana ji tana taɓe baki, har ya zo inda ya ce Fofo Sagbo ba ya samun maki tunda ba ya wasa.

“Tsaya. Maimaita.”

“Wanda bai yi wasa ba ba ya...”

“Wannan abin da kuke rabawa duk Lahadi. Kuna ba ta?”

“Muna ba ta, Mama, ita ce ta ƙi...”

“Shi kuma kuna tsallake shi?” Ta dire kwanon har zoɓo ya fantsama a gefen taswira. “Yana zaune a nan, ido buɗe, shekara uku, ana miƙa wa 'yar'uwarsa abu a gabansa ana hana shi? Euloge! Kai da ka ci tuwon gidan nan tun kana yawo ba wando? Ni ko alewa aka ba ta a hanya sai na koma na ce ina ta ɗayan. Kai kuma, Dossou, kana ta kukan tayar babur ɗinka tana fashewa, ashe kai ka ja wa kanka!”

“Mama, ƙusa ce...”

“Wa ya aiko ƙusar?”

Clotilde ta kifa kai a teburi tana dariya har kafaɗunta na rawa. Euloge ya buɗe baki zai ce doka, Maman Biyu ta nuna jan littafin da leɓe.

“Wannan shekararsa nawa? Shida? Dokar 'yan biyu ta girmi kakan kakanka. Abin da aka ba ɗaya an ba ɗaya. Ku biya shi.”

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Duka ukun 'ya'yan garin nan ne, ba wanda a cikinsu zai saya wa Zinhoué ko ɗankunne bai sako wani ɗan abu na Sagbo a ledar ba. Amma da yake maki abin littafi ne, sai hankalinsu ya ajiye shi a wata duniyar daban. Euloge ya mayar da tabarau, ya ce a hankali, “Gaskiyarta. Rabonsa ne.”

Zuciyar Zinhoué ta buga. In Sagbo zai hau, ita ma ta hau, Zare yana nan. Ta kai hannu ga fensir.

“Kafin ki rubuta,” in ji Euloge. “A al'adarmu ba a nuna wa mutum abin da baiwarsa za ta zama sai ya taka matakin. Yau zan karya.” Ya buɗe littafin can wajen ƙarshe, ya juyo mata da shi.

Rubutun Sagbo ne, mai kwanciya gefe kamar iska ta bi ta kansa. Zare, mataki na shida: ba sa magana kuma. Duk inda ɗaya yake, ɗayan ya san gefen da zai juya ya fuskance shi. Ba sai an jefa ɗan lido ba. A gefen shafin kuma, da ƙananan baƙaƙe, ya ƙara: don Zinhoué ta cika surutu.

Dariya ta kubce mata, hawaye ya biyo ta a guje.

Dossou ya fizgi littafin. Shi dama in dai neman kafa a doka ne, ko ɗan sandan kan gada ya san shi. Ya bi layi da yatsa, ya buga teburi har murfin kwalbar ƙafa ya fice.

“Na samo! Dada, na samo! Ga shi nan, Zare yana bin na ƙasa ne cikin su biyun. Ke ki hau na shida ki haye ruwa. Shi a kai shi na biyar kawai. Tazara ɗaya, bai tsinke ba, kuma Zare yana na biyar, murya tana nan! Fofo, na yi ƙarya?”

Euloge ya karanta. “Ba ka yi ƙarya ba. Doka ta yarda.” Kafaɗunsa suka sauka.

Zinhoué ta dubi uwarta. Maman Biyu ta ɗauki murfin kwanonta, ta goge shi da gefen zani.

“Ni ban san dokarku ba,” ta ce. “Na dai san kuna yara da zare nake raba muku dafaffen ƙwai, don kada wuƙa ta yi son kai.” Ta koma kujerarta ta bakin madafa ta zauna.

Wani ɗanyen mangwaro ya faɗo bayan tulu. Zinhoué ta ɗaga dutsen, ta jawo takardar Sagbo. Ta yi laushi, ta yi launin shayi, ga tabon manja a kusurwa tun na wata Lahadin da ba wanda ya san za a riƙa tunawa da ita. A sama ga lambar matakinsa, huɗu, buɗaɗɗen kai kamar kujerar da aka kifar. Tana so ta ji “ke dai” Lahadi mai zuwa, da ta bayanta, har ta tsufa. Tana so ƙwarai. Kuma ta san abin da za ta yi don ta samu: ta riƙe shi mataki ɗaya a bayanta har abada, ta ci babban rabi, ta bar abokinsa cikin fargaba duk Asabar.

“Kina da tambayarki ta yau,” in ji Euloge. “Ba ki ja ba tukuna. Zan yi iya ƙoƙarina.”

Ta dube shi. Ya riga ya fara sunkuyar da kai, yana neman gyaran muryar a maƙogwaronsa.

“Bar shi, Fofo,” ta ce. “Ka huta.”

Ta ɗauki magogi. Huɗun bai yi gardama ba, shafa uku ya tafi, ya bar ɗan zane a jikin takarda da sai ka karkata ta ga haske za ka gani. Ta hure garin magogin, ta rubuta shida. Sannan ta goge biyar ɗinta, ta rubuta shida, ta jera takardun biyu kafaɗa da kafaɗa ta duba ko sun yi girma ɗaya.

“Yana bin baiwa biyu,” Clotilde ta ce, tana share hanci da bayan hannu. “Ta biyar da ta shida.”

“Barci ko'ina,” in ji Dossou. “Wannan dama tasa ce, a rubuta kawai.”

“Akwai ta maganin sanyi?” Maman Biyu ta ɗago murya daga kujerarta. “Bai tafi da rigar kirki ba.”

“Akwai garwashin da ruwa ba ya kashewa, Mama.”

“A ba shi.”

Aka ba shi. Zinhoué ta zaɓar wa Mai Fitila tata, aka mayar da murfin kwalba ƙarƙashin ƙafar teburi, Euloge ya goge zoɓon da ya taɓa taswira. Da ya sake magana, muryar labari ta dawo, kuma ta fi ta ɗazu sauƙi.

“Kun tura jirgi. Baƙin Ruwa ya ɗauke ku bai haɗiye ku ba. Gaɓa ta ɓace a bayanku. Macen wata ta shige, mijin ya ƙi fitowa. Ba tauraro, ba iska, fitila ba ta haska komai sai fuskokinku. Ruwa gabas, ruwa yamma, duk iri ɗaya. Ina kuka nufa?”

Dossou ya kai hannu ga ɗan lido, Clotilde ta buge hannun.

Zinhoué ta rufe ido. Ƙamshin manja, da kukan wani jariri a maƙwabta, da iskar lagun a wuyanta, duk suka ja baya. Ta saurara ko za ta ji ƙarar filafili. Ba ta ji ba. Ba ta ji komai ba, sai wani ɗan ja a ƙugunta, daidai inda take soke shi kullum, kamar yadda yake jan bakin zaninta suna yara in ya ga mai soyayyiyar agada. Ta juya a kan benci a hankali, ta ɗaga hannu ta nuna, ta bayan tulu, ta saman katanga.

“Can,” ta ce.

Sai ta ji an ɗaga kofunan zoɓo ɗaya bayan ɗaya, ta ji takarda tana gogar katako. Da ta buɗe ido, Euloge yana juya taswirar da hannu biyu, sannu a hankali, har Tsibirin Farin Yashi ya zo daidai inda yatsanta yake.